Mutanen Ɓoye a Birnin Shehu: Daga Majusawan Farisa Zuwa Malfar Jaji

A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a cikin yaƙin, shekara huɗu da 'yan watanni bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu. Masu ba da tarihi sukan tsaya a nan su ce mulkin Gobir ya ƙare. Amma fadar Gobir biyu ce. Akwai ta Sarki, mai barade da 'yan lifidi, akwai kuma ta Inna, wadda ake naɗawa daga cikin 'ya'yan sarauta mata, ita ce uwar 'yan borin ƙasar baki ɗaya. A gidanta ake girka, ta hannunta ake neman iskoki su gyara damina, su kawar da annoba, su yi wa Sarki rakiya in zai fita yaƙi. Rundunar Sarki an ga ƙarshenta da ido. Ta Inna kuwa ba a kama ko ɗaya daga cikinta ba.

Da Muhammadu Bello ya ja ganuwar Sakkwato a 1809, a kan tudun da ke kallon mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, wannan matsala tana cikin abin da ya gada. Ƙauyukan da za su ciyar da sabon birnin cike suke da manoma da mafarauta da masunta waɗanda ke yi wa kan gida yanka, suna ba uwar gona nata kafin su sa fartanya a ƙasa. A Gobir da Zamfara da Adar ana ce musu Arna ko Azna, a Kano da Katsina da Zazzau kuma Maguzawa. Ba a iya korar su, domin su ne masu hatsi. Ba a kuma iya cewa babu su. Dole shari'a ta samo musu wurin zama, kuma wurin da ta samo ya fito ne daga wata ƙasa mai nisa ƙwarai.

Duk almajirin da ya kai Risala ya karanta cewa ana karɓar jiziya daga Majusawa. Wanda ya kai Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya ga asalin maganar: Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya karɓi jiziya daga Majusawan Bahraini, Sayyidina Umar ya karɓa daga na Farisa bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida masa cewa an yi umarni a bi da su kamar yadda ake bi da Ahlul Kitabi, Sayyidina Usmanu kuma ya karɓa daga Barbarawan Arewacin Afirka. Ba a cin yankansu, ba a auren matansu, amma jininsu da dukiyarsu suna cikin amana. Daga nan sunan ya fita daga Farisa ya zama rumfa ga duk mutanen da ba su da littafi amma ake zaune da su. Har 'yan fashin teku da suka zo daga arewacin Turai suka afka wa birnin Ishbiliya a 844, malaman Andalus Majusu suka kira su. Masana da yawa suna ganin daga nan kalmar Bamaguje ta fito, ko da yake a baki an fi ba da labarin wani Bama da ya guje wa salla. A daular da Shehu ya kafa, wannan rumfar ce ta rufa wa Maguzawa asiri: suka biya jiziya, suka riƙe gonakinsu da giyarsu da tsafinsu a bayan gari.

To su wane ne Majusawan asali? Mai zuwa zaman Maulidi ya san su ta labarin wutar Farisa da ta shekara dubu tana ci, ta mutu a daren haihuwar Manzon Allah. Ya kuma san Salmanul Farisi, wanda ya tashi yana hidimar wutar gidansu kafin ya fita neman gaskiya. Addinin nasu na Zaradushtu ne, wanda masana da dama ke sa zamaninsa fiye da shekara dubu kafin Annabi Isa, a gabashin ƙasar Farisa. Littafinsu Awesta, kuma mafi tsufa a cikinsa waƙoƙi ne 17 da ake dangantawa da shi Zaradushtu. Shi ne addinin fada a daular Sasaniyawa daga 224 har zuwa 651, shekarar da aka kashe sarkinsu na ƙarshe, Yazdajirdu, a Marwa, bayan Ƙadisiyya da Nahawand sun karya ƙarfinsa.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan addini shi ne yadda ya tsara duniyar ɓoye daki-daki, ba a bar kowa ba aiki ba. A sama akwai Ahura Mazda, mahalicci mai hikima. Kusa da shi akwai manya shida da ake kira Amesha Sifenta, madawwama masu tsarki, kowanne hali ne na alheri kuma kowanne yana kiwon wani yanki na halitta. Kyakkyawan Tunani shi ke kula da shanu. Gaskiya ita ke da wuta. Mulki na Gari yana riƙe da ƙarfe, Tawali'u tana riƙe da ƙasa, Lafiya tana da ruwa, Rashin Mutuwa kuma tana da tsirrai. Saboda haka Bamajushe da ya ƙazantar da rijiya ko ya zalunci saniya, a ganinsa ya saɓa wa wani babba ne a fadar sama. Ƙasa da waɗannan akwai tarin yazata, waɗanda suka cancanci girmamawa. Mitra ne mai tsaron alkawari. Surush ne mai sauraron addu'a, shi ke gadin ran mamaci kwana uku, kafin a wayi gari na huɗu a kai shi gadar Cinwat, inda Rashnu zai ɗora ayyukansa a kan sikeli. Gadar tana faɗaɗa ga mutumin kirki, tana tsukewa ga mugu har ya faɗa. Akwai kuma farawashi, majiɓinta na kowane mutum da kowane gida, waɗanda ake yi wa tarba da abinci da furanni a kwanaki goma na ƙarshen shekara, kafin bikin Nairuz. A ɗaya ɓangaren akwai Ahariman, tushen ƙarya da cuta da mutuwa, da rundunarsa ta dewa, irin su Aeshma mai fushi.

Kowace rana a cikin talatin ta wata tana ɗauke da sunan ɗaya daga waɗannan na ɓangaren alheri, haka ma watannin shekara. Musulunci ya shafe fiye da ƙarni goma sha uku a Iran, amma har yau kalandar ƙasar da sunayen nan take tafiya: Farwardin, Kurdad, Murdad, Mehr, Bahman. Ranar da juyin juya halin Musulunci ya yi nasara a 1979, mutanen Iran 22 ga Bahman suke ce mata, kuma Bahman shi ne Kyakkyawan Tunanin nan mai kula da shanu. Mawaƙan Farisa Musulmi sun riƙe sunan Surush suna kiran mala'ikan saƙo da shi. Mabiya addinin kansu sun ragu ƙwarai. Wasu suna Yazdu da Kirman, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira zuwa Gujarat ne, su ne Farsawan Indiya, waɗanda ƙidayar 2011 ta samu kimanin dubu 57. Gidan Tata, masu manyan motocin da ke bin hanyoyinmu, daga cikinsu suke.

Tun a ƙarni na 19 wasu masanan Turai suke cewa Yahudawa sun ɗauko tsarin darajojin mala'iku daga Farisa, bayan Sarki Kurush ya ci Babila a 539 kafin Annabi Isa ya sallame su daga zaman bauta. Hujjarsu ita ce sunayen Jibrilu da Mika'ilu sun bayyana ne a littafin Daniyel, wanda yake cikin na baya-baya, kuma shaiɗanin da ake kira Asmodiyus a littafin Tobit sunansa ya yi kama da Aeshma. Wasu masanan sun ƙi wannan, suna cewa yawancin littattafan da suka yi bayanin waɗannan abubuwa dalla-dalla a wajen Majusawa sai a ƙarni na 9 aka rubuta su. Malamin zaure a Sakkwato bai taɓa shiga wannan gardama ba, domin a wurinsa labarin mala'iku wahayi ne. Ni ma ina ganin kamannin ba su ne abin dubawa ba. Bambancin ne ya yi aiki a tarihinmu.

A Majusanci, yazata suna da rabo a cikin ibada. Kowane babba yana da waƙar yabonsa da abin da ake miƙa masa. Sharri kuma yana da tushensa dabam, shi ya sa malamai irin su Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, suka sa Majusawa cikin masu asali biyu, ko da yake mabiya addinin a yau suna cewa Ubangiji ɗaya suke bautawa. A Musulunci kuwa mala'ika bawa ne tsantsa. An halicce shi daga haske, ba ya ci, ba ya sha, ba ya saɓo, ba ya kuma karɓar komai daga hannun mutum. Yaro a makarantar allo yana haddace sunayen Jibrilu da Mika'ilu da Israfilu da Munkar da Nakir da Ridwanu da Maliku, amma ba a taɓa koya masa ya roƙi ɗayansu ruwan sama ba. Iblis ma halitta ne, ba kishiyar Mahalicci ba. Sai kuma jinsi na uku, bayan mutum da mala'ika, wanda shi ne mabuɗin labarin ƙasar Hausa: aljanu. An yi su daga wuta, suna ci, suna aure, suna haihuwa, suna mutuwa. Akwai mumini a cikinsu, akwai kafiri. Wasu daga cikinsu sun saurari karatun Alƙur'ani daga bakin Manzon Allah suka koma suna yi wa danginsu wa'azi, kuma akwai sura guda da sunansu. Za a yi musu hisabi kamar yadda za a yi wa kowa.

Wannan ne ya sa malaman ƙasar Hausa ba su taɓa buƙatar su ce iskoki ƙarya ba ne. Littattafan Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, sun shigo da wuri, kuma yana da littafi guda a kan mala'iku, guda a kan hukunce-hukuncen aljanu. Da malami ya dubi Doguwa da ke cikin tsamiya, ko abin da ke cikin kuka da suri da tsohuwar rijiya, ya san gurbin da zai sa su. Aljanu ne. Suna nan, suna iya cutarwa da izinin Allah. Abin da ya hana shi ne a zuba musu jini.

A kan wannan iyaka Shehu ya tsaya. A cikin Nurul Albabi ya kasa mutanen ƙasar nan kashi uku: Musulmi na gaskiya, da waɗanda aka haifa a kafirci ba su taɓa da'awar Musulunci ba, da kuma masu haɗawa, waɗanda ke salla da azumi amma suna yanka wa itatuwa da duwatsu, suna zuwa wurin masu duba da ƙasa. Kashi na biyu su ne rumfar Majusawa ta rufe. Kashi na uku su ne abin faɗansa, domin a cikinsu sarakuna suke. Shehu kansa mutum ne da duniyar ɓoye ba baƙuwa ba ce gare shi. Ya rubuta da hannunsa cewa yana da shekara arba'in da wata biyar, wato wajen 1794, aka kai shi hallarar Manzon Allah da sahabbai da waliyyai, Shehu Abdulƙadir Jilani ya naɗa masa rawani ya rataya masa takobin gaskiya. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara karamominsa a cikin Raudul Jinani, kuma har gobe a Sakkwato ana ba da labarin aljanu Musulmi da ke zuwa ɗaukar karatu a wurinsa. Da aka yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, malaman jihadi da Badar suka kwatanta ranar, Badar ɗin da mala'iku suka sauka. Rikicin Degel da Alƙalawa bai taɓa zama tsakanin masu yarda da ɓoye da marasa yarda ba. A kan wanda ake durƙusa wa ne.

Ba kowa ya yarda da inda aka ja iyakar ba. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya rubuto wasiƙu, waɗanda Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, yana cewa abin da sarakunan Barno ke yi na hawa zuwa wasu wurare su yi yanka jahilci ne da saɓo, ba kafircin da ke halatta yaƙi ba. Ya kawo misalin Dimyaɗ a ƙasar Masar, garin ilimi, inda talakawa ke yi wa wata itaciya irin wannan hidima, kuma ba malamin da ya ɗaukar musu takobi. Bello ya amsa da cewa yanka ga wanin Allah ba ƙaramin zunubi ba ne, kuma Barno ta taimaki maƙiyan jama'a. Ya kamata a yaba wa Bello da ya adana hujjar abokin gardamarsa ba tare da ya rage mata ƙarfi ba. Wanda ya karanta ɓangarorin biyu zai ga kowannensu ya riƙe wani abu na gaskiya, kuma tambayar ba ta mutu ba har yanzu.

Amma gardamar malamai ba ta kwantar da zazzaɓi. Matar da cikinta ke zubewa, da yaron da ke faɗuwa yana kumfa, da amaryar da ta daina magana, duk bori yana da amsa a gare su. Za a kira mai garaya ko mai goge, a kaɗa ƙwarya, a kira iskoki ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu har wanda ya kama marar lafiyar ya hau. A tambaye shi abin da yake so, ya faɗi irin zanensa da irin dabbarsa. In cutar ta ƙi, a yi mata girka, ta zama goɗiyar wannan iska har ƙarshen ranta, ta kuma sami 'yan uwa da uwar ɗaki da wurin zuwa. Duk wanda zai raba mace da wannan, dole ya zo da abin da zai ba ta a madadinsa. A nan ne nake ganin girman gidan Shehu ya fi bayyana, fiye da a fagen fama.

Sarkin Musulmi Bello ya zauna ya yi ta rubutu a kan magani. Yana da littafi a kan ciwon ido, da wani a kan basir, da wani a kan amfanin filasko, ban da waɗanda ya tattara a kan maganin Annabi. Shugaban daula ne da ke kwana a ribaɗi, amma ya ga cewa in ba a ba mutane magani ba, za su koma inda suka saba samu. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ita ta ɗauki ɓangaren da ya fi wuya.

A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Kamammu masu yawa suka shigo Sakkwato da Wurno da ƙauyukan rafi, galibinsu mata, suka zama ƙwaraƙwarai da masu daka da masu reno a gidajen Musulmi. Sun zo da iskokinsu. Bello ya rasu a Wurno a 1837, aikin ya rage a hannun Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, inda ta tattara surori da addu'o'in da ake karantawa don ciwo, da naƙuda, da tsoro, da kariya daga aljanu da maita. Wato ta bi buƙatun da ke kai mace gidan bori ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye wa kowace aya. Sannan ta kafa 'Yan Taru. A kowane ƙauye ta zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji. Jaji ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata, su tako da ƙafa zuwa Sakkwato, su zauna a ɗakin Asma'u su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci a kan tauhidi da tsarki da salla da tarihin mata salihai, su koma su koyar da matan auren da ba su iya fita ba. Sukan zo da zuma da man shanu da hatsi da zare, ita kuma ta raba wa marasa lafiya da gajiyayyu.

Alamar da ta ba jaji ita ce malfa, da jan ƙyalle da ake naɗa mata. Duk Bagobira ta san malfa, domin ita ce Inna ke sawa. Asma'u ba ta ƙona wannan alama ba. Ta ɗauke ta daga kan uwar bori ta ɗora a kan malama, ta yadda matar ƙauye da ta hango ta daga nesa za ta gane cewa ga shugaba tafe, sai ta matso ta tarar da wani karatu dabam. Ba sassauci ta yi ba: a waƙarta ta roƙon ruwa ta ambaci bori da sunansa cikin abubuwan da ta ce a tuba a bari. Ta dai san cewa hani kaɗai ba ya riƙe mutum. Bayan rasuwarta a 1864 ƙanwarta Maryamu ta ci gaba, daga baya Ta Modi ta karɓa, kuma zuriyar wannan tsari ba ta yanke ba a unguwar Hubbare.

Iskokin fa? Ba su mutu ba, ƙaura suka yi, wasu kuma suka sauya riga. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, da Innarsu. A Maraɗi, Iya ce ke riƙe da wannan matsayi. A Arewa ta Dogonduci akwai Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899, kuma a Masalata kusa da Birnin Ƙonni Azna suna yin arwa duk shekara su duba abin da damina za ta zo da shi. Bayin da aka ƙetara Sahara da su sun kai bori Tunis da Tarabulus. A daidai shekarun jihadi wani malami Batumbukce, Ahmadu ɗan Alƙali, ya ga abin da suke yi a Tunis ya rubuta wa mai mulkin garin ƙara a kansu, da kusan irin hujjojin Shehu. Shekara ɗari bayan haka wani Bature mai suna Tremearne ya je can ya rubuta sunayen iskokinsu da Hausa, ya buga a 1914.

A cikin daular kanta, bori ya koma bayan gari da cikin kulle da gidajen mata masu zaman kansu, ya kuma shiga kwaikwayon duniyar da ta ci shi da yaƙi. 'Yan bori suna cewa iskoki suna da birni, Jangare, mai sarki da waziri da alƙali da gidaje goma sha biyu, kuma sarkin Sulaimanu ne sunansa, sunan Annabin da aka hore wa aljanu. An raba su farfaru da babbaƙu, Musulmi da arna. A cikinsu akwai Malam Alhaji, tsoho mai tari da tasbaha da allo, wanda ba ya shan giya. Akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai kyauta da caca, akwai Sarkin Rafi, da Kuturu, da Inna Bafilatana mai shanu da nono. Da Turawa suka zo, su ma aka ba su gida. A 1925, a ƙasar Filinge, wasu sabbin iskoki suka bayyana masu fareti da sara irin na soja, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, Hausawa kuma Babule, har hukumar Faransa ta kama masu yin su ta tsare. Wanda ya bi jerin iskokin bori a hankali zai ga duk wanda ya taɓa mulkin ƙasar nan ko ya ratsa ta yana ciki. Majusawa sun tsara sama kamar fadar sarkin sarakunan Farisa, 'yan bori kuma sun tsara Jangare kamar masarautar da Fulani suka bari.

Ingilishi sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, kuma ba da daɗewa ba suka hana wasan bori a fili, abin da ya yi wa sarakuna da alƙalai daɗi. Rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello daga 1963 zuwa 1965 ya rage yawan Arna da Maguzawa ƙwarai, wasu kuma mishan ta ɗauke su. Izala ta kafu a Jos a 1978, ta faɗaɗa ma'anar haɗawa har ta taɓa layu da rubutun sha da tawassuli, abubuwan da malaman ƙarni na 19 da yawa suka ɗauka magani ne halattacce. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Sakkwato ta bi a 2000, garayar bori ta ƙara yin ƙasa da murya.

Sai dai a cikin waɗannan shekarun ne maganar aljanu ta fi yawa a bakin mutane. Daga shekarun 1990 aka fara jin 'yan mata suna faɗuwa a makarantun kwana a garuruwan Arewa, aka kuma sami sabbin masu magani, matasa masu Larabci da suka karanta littattafan ruƙiyya na Masar da Saudiyya. Shagunan maganin Musulunci suka cika kasuwa da habbatus sauda da man zaitun da zuma da turaren hayaƙi. Mai ruƙiyya yana karatu a kunnen marar lafiya har aljanin ya yi magana, ya tambaye shi sunansa da addininsa da abin da ya kawo shi, ko soyayya ce ko turo shi aka yi. Ba ya tambayar abin da za a yanka masa. Yana kiransa ne ya musulunta, ya yi alkawari, ya fita ta ɗan yatsan ƙafa. Wannan ita ce iyakar Shehu a aikace: an yarda yana nan, an yi magana da shi, an hana shi jini.

Abin da ke damuna shi ne rabin gadon da aka bari a baya. Wasu masu ruƙiyya suna dukan marar lafiya da sunan dukan aljani, suna shaƙa mata hayaƙi har ta galabaita, sannan a sallame ta ta koma ɗakin da ciwon ya same ta, ba jaji, ba 'yan uwan karatu, ba mai sake leƙowa. Farfaɗiya da zazzaɓin da ya hau kai da rikicewar da ke samun mai jego duk suna da magani a asibiti, kuma Bello da ya rubuta littafi a kan ciwon ido bai ga saɓani tsakanin aya da sassaƙe ba. Asibitin masu taɓin hankali na Tarayya yana Kware, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga Hubbare, amma sau da yawa sai an gama zagaya malamai da bokaye, an sayar da akuya da zannuwan aure, sannan ake kama hanyarsa.